Wa Ya Kashe Taraktar Alhaji Najmuddeen?

Ranar Talata da hantsi taraktar marigayi Alhaji Najmuddeen ta mutu a tsakiyar gonar gero, kafin azahar kuwa duk Jigawar Aduwa an gama sanin wanda ya kashe ta. Mutanen garin nan ba su cika jiran alƙali ba, Allah ya shirye su.

Ɗan marigayin, Khalil, shi ne a kanta. Kwana biyar ke nan yana bi da haro, garmar da take ja, a busasshiyar ƙasa don a samu a yi binne kafin ruwan farko. A rana ta biyar ta fara tari, ta yi ta aman hayaƙi shuɗi, sannan ta yi shiru. Da shanun noma huɗu aka jawo ta gida, mata suna leƙe ta saman katanga kamar ana wucewa da gawa. Ba abin mamaki ba ne. Jar taraktar nan ta girmi Khalil da shekara shida, rabin gonakin garin ita ke buɗe su, kuma duk matar da mijinta ya rasu Alhaji bai taɓa bari ta roƙa ba, sai dai ta wayi gari ta ga an gama mata.

Khalil ya ɗauko bakanike daga Azare, wani mai yawan magana da ya saba da motocin zamani. Bakaniken ya buɗe injin, ya zura yatsa, ya fito da shi da yashi. Ya ce ring da fistan duk sun cinye, kuma injin irin wannan ko a Kano ba a samun kayansa yanzu. Wani ya tambaye shi ko matatar iska ce ta lalace. Ya kwance ta ya duba, ya ce ai tunda yake bai taɓa ganin matata mai tsabta irin wannan ba, tas take kamar yau aka ƙera ta. Saboda haka yashin nan hannu ne ya zuba shi.

Hannun wa? Nan take kowa ya waiga wajen Abdulrashid.

Abdulrashid ɗan Gaidam ne, shekara ashirin da biyu yana tuƙa wa Alhaji taraktar nan. Da Alhaji ya rasu, Khalil ya dawo daga Azare da sabon ra'ayi, ya ce shi ma ya iya tuƙi, ya karɓi makulli a gaban mutane ba ko sannu da aiki. To ga wanda aka wulakanta, ga shi ya san cikin injin kamar cikin aljihunsa. An kawo shi rumfar taraktar a ranar, ya tsaya ya kalli kayan da bakaniken ya baje a tabarma, ya daɗe yana kallo, bai ce uffan ba. Shirun nan shi ya ƙarasa shi. Da la'asar babu wanda ya yarda ya haɗa kafaɗa da shi a sahu. Khalil ya rantse bayan sallar Juma'a zai kai shi wajen 'yan sanda a Azare, samari kuma suka ce idan ya fito daga can kada ya kuskura ya dawo garin.

Mai gari ya roƙi a ba shi kwana biyu, ya aika a kira Malam Ikrima.

*

Malam Ikrima mai bin sawu ne, dattijo siriri, marar son surutu, da ɗan guntun sanda da yake nuna ƙasa da shi. Ya taɓa bin shanun sata tun daga bayan Shira har Udubo, ya taɓa tsayawa a ƙofar wani gida a Misau ya ce akuyar tana ciki, aka shiga aka same ta. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne bai taɓa faɗin abin da ƙasa ba ta nuna masa ba, ko da kuwa mai neman amsar ɗan'uwansa ne.

Wannan kiran bai so shi ba. Alhaji Najmuddeen amininsa ne tun suna makarantar allo, kuma tun sadakar arba'in bai sake bi ta layin gidan ba, saboda zuciyarsa ba ta ɗauka.

Rumfar taraktar tana bayan gidan. Ƙofa ɗaya ta buɗe zuwa cikin gida, ta waje kuma darnin kara ne da ƙyauren langa-langa. Da ya iso ranar Laraba da safe ya tarar da mutum ya kai talatin sun tattake ko'ina, kowa na nuna masa inda mai laifin ya tsaya. Ya dube su ya ce idan sun gama binciken su sanar da shi ya koma gida. Suka ja baya suna ƙunƙuni.

Ya durƙusa a gefen da ƙafa ba ta kai ba, kusa da bango. Sawun tsintsiya ne ko'ina. Wani daga baya ya ce to ga shi nan, ya zuba yashi ya share sawunsa. Malam ya bi sharar da sandarsa. Wanda ke ɓoye sawu hanyar da ya bi kawai yake sharewa, da gaggawa, a karkace. Wannan sharar kuwa ta shiga kowane lungu, ta bi bayan durom, ta zagaye turaku, layi kan layi. Sawun tayoyin taraktar kuma a kan sharar suka hau, na shiga da na fita duka. Wato an yi sharar tun kafin Khalil ya fara fita gona. Kusa da inda hancin taraktar ke tsayawa ya ga 'yan ramuka huɗu ƙanana sun nutse a ƙasa. Ya auna tsakaninsu da tafin hannu, ya ajiye abin a ransa.

A waje, bayan darni, ya sami sawu biyu da ba na 'yan kallo ba. Ɗaya takalmin roba ne, da ɗigon sanda a gefensa, ya zo har bakin ƙyaure ya juya ya nufi arewa. Ɗayan ƙafar hagu tana jan ƙasa. Wannan ko yaron goye ya san mai shi, domin tun ranar da haro ya faɗo wa Abdulrashid a ƙafa haka yake tafiya. Sawun ba na rana ɗaya ba ne, ya hau kan juna sau biyar.

Da mutane suka ji haka sai aka fara kabbara. Malam ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya bi takalmin roba.

*

Sawun ya kai shi rugar Arɗo Talha. Wannan ma akwai masu zarginsa, saboda shekara biyu da suka wuce shi da Alhaji sun yi cacar baki a gaban mai gari kan burtalin da haro ya ci.

Arɗo bai musa ba. Ya shimfiɗa masa buzu, aka kawo kindirmo, ya ce e, ya je ranar Asabar. Maganar burtali kuwa ta mutu tun a makon da aka yi ta, Alhaji da kansa ya zo ya mayar da iyaka. Abin da ya kai shi daban ne. Shekara da shekaru Alhaji yana tara masa wani baƙin mai mai kauri kamar taɓo a cikin gwangwani, wanda yake juyewa daga jikin taraktar, shi kuma yana shafa wa shanu a kofato da inda kaska ta ci. Tun rasuwar bai samu ba, ga wata saniya tana ɗingishi. Ya bari sai da ya ji uwargidan ta fita takaba sannan ya je.

Ya tarar da Khalil a bakin ƙyaure. Yaron ya ce shi bai san wani mai ba, amma ya leƙa ya ɗauko gwangwanin ya nuna masa.

"Wallahi Malam, da za ka zuba nono a ciki ka sha," in ji Arɗo. "An wanke shi fes. Na ce ikon Allah, shekara goma sha ina ganin gwangwanin nan, ban taɓa sanin fari ne ba."

Malam ya ajiye ludayi. Ya yi godiya, ya yi wa saniyar addu'a, ya kama hanya.

*

Gidan Abdulrashid yana ƙarshen gari. Ya tarar da shi zaune a gindin darbejiya, hannu biyu a kan gwiwa, kamar wanda ke jiran mota. Matarsa Dijatu ta gaishe da Malam daga bakin ƙofa, idonta a kumbure. Tun jiya, in ji ta, idan ta ajiye bokiti a famfo sai matan su janye nasu. 'Ya'yanta huɗu a garin nan aka yanke musu cibiya, ina za su?

Malam ya tambayi Abdulrashid ko ya je bayan darnin. Ya ce ya je. Sau nawa? Kullum bayan sallar asuba, tun ranar da aka fara fita da ita. Me ya kai shi? Ya ce yana zuwa ne ya ji tashinta. Shekara ashirin da biyu da ƙararta yake karya kumallo. Tun rana ta biyu ya ji muryarta ta sauya.

Dijatu ta kasa haƙuri. Ta ce ya faɗa wa Malam abin da ya faru ranar farko mana. Ai ya ɗaga murya daga bayan darni ya ce wa Khalil ya duba kwano kafin ya tayar, yaron ya ce masa aikinsa ya ƙare a gidan, ya je ya duba kwanon tuwonsa. Abdulrashid ya ce mata ta shiga ciki. Bai ɗaga murya ba, amma ta shiga.

"Wa ya zuba yashin?" Malam ya tambaye shi.

"Malam, ka ce ni ne kawai. Kowa ya huta."

"Ban tambaye ka abin da zan ce ba."

Malam ya yi sallama ya tafi. A hanya ran Malam ya yi nauyi ƙwarai. Ya ga marasa laifi da yawa a rayuwarsa, ihu suke yi, su rantse, su kama rigar mutum. Ya ga masu laifi, su kuma labari suke tsarawa mai kai da ƙafa. Wanda ba ya ihu kuma ba ya tsara labari, akwai wani a bayansa da yake karewa. Kuma sawun nan mai jan ƙasa, duk sau biyar ɗin, bai taɓa ƙetare darni ba.

*

Ranar Alhamis bayan azahar, lokacin da zafi ya kori kowa zuwa inuwa, ya koma rumfar shi kaɗai.

Taraktar na tsaye, cikinta a buɗe. A gefen injin akwai wani dogon gwangwanin ƙarfe, matatar iska ke nan, a gindinsa kuma kwano ne da maɗauri biyu suke riƙe da shi, bakaniken ya mayar da shi mazauninsa. Malam ya ɓalle maɗauran, kwanon ya sauko a hannunsa. Ya juya shi, ya leƙa, ya ajiye shi kan taya. Sai ya kai hannu zai goge a jikin turke, yadda mutum ke yi ba tare da tunani ba.

Babu abin gogewa. Hannunsa fari tas.

Ya tsaya yana kallon tafinsa. Sau nawa ya biyo ta nan da safe ya tarar da Najmuddeen tsugune da kwanon nan? Ya miƙa masa hannu, shi kuma ya miƙo wuyan hannu yana dariya, saboda yatsunsa sun yi baƙi ƙirin. Shekara arba'in bai tuna ranar da suka yi musabaha sosai a rumfar nan ba. Har tsiya yake masa, ya ce Alhaji guda da hannun maƙeri. Najmuddeen ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani, shi kuma yana jin sa da rabin kunne. Tsofaffin taraktoci ba irin matatar takarda suke da ita ba. Mai ake zubawa a kwanon, daidai wani zane da ke ciki. Iska in ta shigo sai ta bugi man, ƙura ta maƙale ta nutse, sauran kuma ragar waya da ke sama, wadda man ya jiƙa, ta kama shi. Duk safiyar aiki a juye taɓon, a goge da tsumma da kananzir, a sake zuba mai zuwa zanen. Kwanon da ke aiki baƙi ne. Idan ya bushe, duk ƙurar gona cikin injin take wucewa kai tsaye.

Ya ɗaga kwanon ya kai shi haske. Cikinsa duk zane-zanen kankara ne, a zagaye, irin na gindin tukunya. Ya shinshina, ba warin mai, sai na toka. Ya zaro ragar wayar ya buga ta a tafinsa, yashi ya zubo, fari, mai laushi, irin wanda mata ke ɗebowa a bakin rafi don wanke-wanke. Ya zagaya bayan durom, ya tona ƙasa da sandarsa inda ta ɗan yi duhu. Baƙin mai ne aka juye, an rufe shi da toka. Ramukan nan huɗu kuwa bai buƙaci ya sake aunawa ba. Ƙafafun kujerar mata ce, 'yar tsugunno.

Ya zauna a kan tayar gaba. Da ma ɓarawo ne. Da ma maƙiyi ne, ya bi shi har Misau a ƙafa, da ya fi masa sauƙi.

Sai ya ji sallama daga ƙofar cikin gida. Ya Gana ce, matar marigayin, Babarbariya mai tsabtar da ake kwatance da ita a garin. Ta rame har ya kusa kasa gane ta. Ta ajiye masa ruwa a kwanon sha mai ƙyalli, ta koma ta tsaya a jikin ƙofa. Suka gaisa, suka yi wa mamacin addu'a.

Ta ce ta ji daɗi da aka kira shi, don shi kaɗai ne zai duba da amana. Ita ba ta yarda Abdulrashid ne ba, mutumin da ya ci tuwonta shekara ashirin da biyu, amma ko wane ne Allah ya tona asirinsa. Ta ce wata huɗu da kwana goma tana zaune a ɗaki tana tunanin yadda kayan Alhaji ke can ƙura na ci. Washegarin fitarta takaba ba ta zauna ba. Ta wanke rigunansa, ta goge butarsa da rediyonsa, ta wanke takalman gona. Sannan ta shigo nan ta share.

"Har kwanon motar tasa," in ji ta, da ɗan murmushi na farko da ya gani a fuskarta. "Malam, da ka ga abin da ke ciki. Taɓo baƙi har rabi. Na ce wayyo, ciwo ya hana bawan Allah wankewa. Bai taɓa bari na taɓa masa ba, sai ya ce in tafi kada in ɓata zane. Rabin yini na yi a kansa kafin ya fito."

Malam ya ɗauki ruwan ya sha, saboda bai san inda zai sa fuskarsa ba. Ya ce Allah ya saka mata da alheri. Ta ce amin, ta koma ciki.

*

Ranar Juma'a da hantsi aka taru a rumfar. Mai gari a kan kujera, liman a gefensa, Khalil a tsaye da makullin babur a hannu. Arɗo Talha ya zo da sandarsa. Abdulrashid yana tsugune shi kaɗai, an bar masa fili ta kowane gefe. Ƙofar cikin gida a saye take, amma kowa ya san matan gidan suna bayanta.

Malam ya riga ya tsara abin da zai faɗa da inda zai tsaya. Ya fara da Arɗo, ya ce sawunsa ya tsaya a bakin ƙyaure, mai ya zo nema, bai samu ba ya koma. Ya ce sawun Abdulrashid sau biyar ya zo, sau biyar ya tsaya a bayan darni, bai taɓa shigowa ba. Babu baƙon da ya taka rumfar nan. Sannan ya ɗauko kwanon ya miƙa wa liman, ya ce ya shafa cikinsa ya nuna wa jama'a hannunsa. Liman ya shafa, ya ɗaga.

Ya yi musu bayanin man da zanen da ragar, yadda amininsa ya yi masa. Ya ce kwana biyar taraktar tana shaƙar ƙurar haro babu abin da ke tare ta, ga kuma ɗan yashin da ya saura a raga wajen wanki. Bakaniken Azare ya ga tsabta ya yaba, bai san tsabtar ce ciwon ba. Babu wanda ya yi wannan da mugunta. Kuskure ne, kuma shi a nan bincikensa ya ƙare.

Wasu dattawan da suka taɓa ganin Alhaji da baƙin hannu suka fara gyaɗa kai.

Khalil bai yarda ba. Idonsa ya kaɗa, ya ce Baba Malam ya yi haƙuri, amma kwano ba ya wanke kansa. Abin da ubansa ya riƙe shekara arba'in ya mutu a hannunsa cikin kwana biyar, gari na kallonsa, sannan a ce masa kuskure, babu suna? Ya ce sai an faɗi wanda ya wanke, in ba haka ba maganar Azare tana nan.

"Ni ne."

Abdulrashid ne, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce kafin a karɓi makulli ya wanke kwanon, ya manta bai zuba mai ba. Ya ce a kai shi duk inda za a kai shi.

Aka fara hayaniya. Mai gari ya juya ya dubi Malam, kowa ya dube shi. Abin da ya rage masa kawai ya yi shiru. In ya yi shiru, matar amininsa za ta ƙarasa kwanakinta ba ta sani ba. Abdulrashid ma roƙonsa yake da ido ya yi shirun. Amma ya tuna Dijatu a bakin famfo, da yara huɗu da za su tashi da sunan uban da ya kashe abincin gari.

"Ba haka ƙasa ta nuna ba," ya ce. "Abdulrashid da kananzir yake wankewa. Wannan da toka da yashi aka yi."

Bai ƙara ba, bai kuma dubi ƙofar ba. Amma toka da yashi ba kayan aikin maza ba ne, kuma ba kowace mace ke shiga rumfar Alhaji ba. Ya ga maganar tana tafiya a fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, har ta iso kan Khalil.

Ƙyauren cikin gida ya yi ƙara. Ya Gana ta fito, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Ta wuce mai gari, ta wuce liman, ta tsaya gaban ɗan da ta haifa, amma Abdulrashid take kallo.

"Man nan," ta ce a hankali, "da ma zuba shi ake yi?"

Abdulrashid ya rufe fuska da hannu biyu. Tun ranar Talata ya sani. Da ya ga kwanon a tabarmar bakanike ya gane wankin, don shekara ashirin da biyu yana cin abinci a kwanukan da aka kankare haka.

"Na zaci datti ne," in ji ta. "Na zaci ciwo ne ya hana shi."

Ta karɓi kwanon daga hannun liman, ta riƙe shi a ƙirji. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi wa kowa sauƙi. Khalil ya ce Inna, ya sake cewa Inna, sannan ya zauna a ƙasa. Babu wanda ya tuna masa abin da aka kira masa daga bayan darni ranar farko. Ba ya buƙatar tuni, a fuskarsa ake ganin yana jin maganar.

Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, waɗanda suka fi ɗaga murya ranar Talata su suka riga fita. A masallacin Juma'a aka yi ta rububin tsayawa kusa da Abdulrashid, har abin ya ba Malam haushi.

*

Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara. A shekarar da shanu da garma aka buɗe gonakin Jigawar Aduwa, waɗanda ba su da shanu suka yi da hannu, wasu gonakin matan kuma haka suka kwana ba a taɓa su ba. Khalil ya je gidan Abdulrashid ya durƙusa, aka yafe masa. Su biyun suka yi ta yawon neman kayan injin, Azare, Potiskum, Kano, ba a dace ba. Bayan kaka masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da babbar mota suka ɗauke ta.

Ya Gana ba ta taɓa yi wa Malam Ikrima maganar ba. In sun haɗu tana gaishe shi da ladabi kamar da, ta tambayi iyali. Sai dai ruwa ba ta sake kawo masa da hannunta ba, shi ma bai ga laifinta ba.

Wata safiya da rani hanya ta biyo da shi ta bayan gidan. Ƙyauren langa-langan a buɗe yake, rumfar ba kowa. Bai yi niyyar dubawa ba, amma idon da ya saba ba ya neman izini. An share wurin tas, layi kan layi, har lunguna. Ga ramukan kujera huɗu, sababbi, na safiyar nan. A tsakiyar rumfar kuwa sawun manyan tayoyi biyu yana nan inda ta tsaya tsayuwarta ta ƙarshe, ko ɓalli bai yi ba. Wata biyar ke nan tsintsiyar tana zuwa bakinsa ta zagaye.